Daminar da Na Naɗe Dardumar Baba

Ni ce na naɗe dardumar Baba na rataye ta a sama, shi kuma yana kwance a ƙasa yana kallonta wata huɗu har ya mutu. Na faɗi haka tun farko don kada wani ya karanta rabi ya fara tausaya mini. An tausaya mini da yawa a unguwarmu ta Kilomita Biyar a shekarar nan, an yi ta sa mini albarka har na gaji da cewa amin.

Dardumar saƙar hannu ce, ta ulun tumaki, irin shimfiɗaɗɗiyar nan marar gashi wadda gabanta da bayanta duk ɗaya ne. Ja ce mai duhu, da ratsin baƙi da fari, ga geza a kai biyu. Kakanmu ya saye ta hannun fataken da ke saukowa daga Agadas, a kanta ya yi zaman duniyarsa a Damagaram, a kanta kuma ya cika. Baba ya ɗauko ta yana saurayi, a bayan babbar mota bisa buhunan kanwa, har Bangui. Yakan ce ya kwana da yunwa a hanya, ya sayar da agogonsa a Garwa, amma bai ko yarda a taya dardumar ba. Tun muna yara mun san inda labarin yake ƙarewa kullum. A kanta ubansa ya cika, a kanta shi ma zai cika in Allah ya yarda.

To, ulu kayan ƙasar rani ne, Bangui kuwa gari ne da gishiri ke narkewa a kwano ba wanda ya taɓa shi. Ka ajiye takalmi kwana uku a ƙarƙashin gado, ka dawo ka tarar fumfuna ta yi masa furfura. Saboda haka kula da dardumar nan ya zama wa Baba kamar farilla ta shida, Allah ya yafe mini. Ba a shimfiɗa ta a kan siminti sai an sa tabarma a ƙasa, don simintin garin nan gumi yake yi. Shara da tsintsiya mai laushi, kuma a bi saƙar, kada a gitta ta. Kowane wata a juya ta, wancan gefen ya huta. Ranar da rana ta fito sosai a ɗora ta a kan gora a tsakar gida a kaɗe da tsumagiya, a hankali, a ɗan bar ta ta sha iska, a shigo da ita kafin rana ta yi zafi ta cinye jan. Ba a ninke ta, naɗewa ake yi a jikin gora, da ganyen dogon yaro da na taba a ciki saboda asu, sannan a rufe da tsohon zanen auduga. Leda kuwa ko kusa, don ulu numfashi yake yi, in ka toshe shi ya ruɓe. Wanki sau ɗaya ne a shekara, tsakiyar rani, da ruwan sanyi, ranar da aka tabbata za ta bushe kafin magariba.

Ni aka koya wa duk wannan. Mu biyu ne a gidan, ni da Yayana, shi tun yana ƙarami aka kai shi kanti a Titin Koudoukou ya koyi auna yadi, bai san gaban darduma ba balle bayanta. Ni kuwa tsumagiyar da nake kaɗe ta da ita, ita ce ke sauka a sharaɓata in na ja geza ko na yi shara a gicciye. Na iya aikin sosai, kuma ban taɓa jin ya ce madalla ba.

Mamanmu haifaffiyar unguwar Miskine ce, nan cikin Bangui. Musulma ce gaba da baya, amma Sango, yaren garin, ne a bakinta, Hausa a gidan aure ta koya, har ta mutu kuma tana mayar da mace namiji a magana. Ba ta taɓa ganin ulu ba sai a gidan Baba. Ina rarrafe, aka ce, na kuɓuce mata na hau dardumar na yi fitsari a kusurwa ɗaya, Baba yana kasuwa. Tsoro ya kama ta. Ta yi abin da kowace macen garin nan za ta yi wa ƙazantaccen zane, ta tafasa ruwa, ta zuba garin sabulu, ta durje iya ƙarfinta. Jan ya zuba cikin farin. Kusurwar ta koma wani launi kamar ruwan wankin nama, faɗin tafin hannu biyu.

Bai doke ta ba. Da dukanta ya yi da ya fi mata sauƙi, don duka yana ƙarewa. Cewa ya yi daga ranar ƙafarta ba za ta ƙara taka dardumar ba, kuma ba ta ƙara ba, shekara ashirin da biyu. Na tashi ina ganinta tana kawo abinci ta durƙusa a kan siminti a bakin geza, ta miƙa hannu iya tsawonsa ta tura kwanon. In baƙi sun zo, musamman sababbin zuwa daga Nijar ko Kano, sai ya jira ta shigo da shayi sannan ya ɗaga kusurwar ya nuna musu. Ya ce su dubi abin da mutum ke samu in ya auri wadda ta tashi a kan ganyen ayaba. Su yi dariya, wasu don dole, ita kuma ta zuba musu shayin ta tambaya ko a ƙara sukari. Ina bayan labule ina cizon yatsa, don na san fitsarina ne.

A gidanmu da unguwa duka, labarin da aka sani shi ne fitsari ya ɓata dardumar. Yaya ma haka ya sani. Ni kaɗai Baba ya faɗa wa gaskiya, ranar da yake koya mini fitar da tabo, ina 'yar shekara goma sha biyu. Ya ce fitsari ba komai ba ne in an tare shi da wuri, farin ƙyalle ake dannawa a tsotse, a bi da ruwan sanyi da ɗan binegar, ruwan tsamin nan na kwalba, a sake dannawa, kada a goga. Ruwan zafi da durza su suka yi ɓarnar. Ya faɗe shi kamar mai ba da labarin farashin goro. Ban tambaye shi me ya hana ya koya wa Mama haka tun ranar da ta shigo gidan ba, amma na riƙe tambayar. Ni ba mai mantuwa ba ce, wannan kam a wurinsa na gado.

Mama ta rasu shekara uku kafin hargitsin sojoji. Aurena kuma ya mutu ba da daɗewa ba, na dawo gida ba ɗa ba jika, na ci gaba da yi wa Baba girki da kaɗe masa darduma.

Sai shekarar da sojoji suka yi bore saboda albashi. Na farko bai daɗe ba aka lallashe su. Bayan wata ɗaya suka sake, wannan karon kuwa gari ya rikice, harbi ba dare ba rana, shinge a kowace mahaɗa, jiragen sojojin Faransa suna shawagi a kanmu, 'yan wasoso suna ɗibar duk abin da hannu zai iya ɗauka. Ga damina ta kankama. Baba yana da sito a cikin gari inda yake ajiye dilolin atamfa, kusan duk abin da ya tara a duniya. Wata rana bayan azahar wani direba ya zo ya ce an fasa, ko ƙofar ba a bari ba. Baba ya yi salati, ya ce Allah ya bayar Allah ya karɓa, har na yi mamakin haƙurinsa. Ya tashi zai yi alwala, butar ta suɓuce, shi ma ya bi ta.

Ɓarinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi. Asibiti ba hanya. Wani malamin asibiti da ke bayan layinmu ya lallaɓo ya yi masa allura, ya ce sauran sai addu'a. Ni da Yaya muka kwantar da shi a falo, a kan dardumarsa, don ba wanda ya yi tunanin wani wuri.

Da safe muka tarar ya jiƙa ta. Yaya ya tsaya riƙe da baki yana kallon wurin, ya ce shi ke nan an sake. Na ce ya kama mini mu mayar da Baba kan tabarma, sannan ya ba mu wuri, tsoho ba zai so ɗansa namiji ya tsaya a kansa a wannan hali ba. Ya fita da sauri, har da godiya a idonsa.

Na gyara Baba tukuna, na sauya masa kaya. Sannan na ɗauko farin ƙyalle na ninka na ɗora a wurin, na taka da dunduniya, na sauya wani, na sake takawa. Na bi da ruwan tulu da binegar, kaɗan kaɗan, daga gefe zuwa tsakiya. Na kifa bahuna biyu na ɗora wurin a kai don iska ta shiga ta ƙasa, na zauna da mafici. Baba yana kwance a gefe yana bin hannuna da ido ɗaya mai kyau. Kafin azahar babu tabo, babu wari, ja yana inda yake, fari yana inda yake. Sai na ga ya gyaɗa kai. Sau biyu ya gyaɗa, a hankali. Abin da na yi shekaru ina jira ke nan, ya zo mini daga mutumin da na gama wanke wa cinyoyi. Ya ɗaga hannun hagu alamar in zo in mayar da shi.

Na tafi bayan ɗaki na ɗauko gora.

Ba zan ce Shaiɗan ba ne, don mutane sun cika ɗora masa kayan da bai ɗauka ba. Ni ce, da hankalina. Na barbaɗa ganyen dogon yaro da na taba, na naɗe ta tsaf ba ko tanƙwara ɗaya, na rufe da zane, na ɗaure kai biyu. Da Yaya ya shigo na ce masa da ƙyar ta sha, sau ɗaya aka ƙara jan zai zuba kamar na wancan karon, kuma wannan a tsakiya ne. Na ce damina ce, in ta jiƙe ba za ta bushe ba. Na ce famfo ya ɗauke, ruwan sha ma nema muke. Na ce ba halin shanya ta a kan katanga, 'yan wasoso su hango su san gidan masu abu ne. Ukun nan na baya duk gaskiya ne, na farkon ne kawai ƙarya, kuma shi ne ya yi aikin. Baba ya yi ta gurnani yana dukan tabarma da hannun hagu. Yaya ya ɗauka zafin ciwo ne, ya durƙusa yana yi masa sannu.

Falon ba shi da silin, katakon rufi a fili yake. Na sa Yaya ya hau kujera ya rataye ta da igiya biyu a jikin katakon, don nan ne kaɗai gara ba ta kaiwa, damshin ƙasa ma ba ya kaiwa. Wannan ma gaskiya ne. Amma akwai ɗakina, akwai ɗakin Mama da ke rufe, duk da katako iri ɗaya. Na zaɓi falo, daidai saitin da mutum in yana kwance rigingine zai buɗe ido ya gani. A ƙasa kuma na shimfiɗa leda mai kauri, irin wadda ake rufe diloli da ita, na ɗora tsohon zane, muka kwantar da shi.

Kada a ce ban yi jinya ba. Na yi jinyar da matan unguwa suka riƙa kafa misali da ni. Ni ke ba shi kunu cokali cokali, ni ke juya shi, ni ke wanke shi sau uku sau huɗu a rana da ruwan da na tara daga indararo. Yaya yana bakin titi da sauran 'yan kasuwa suna gadin kantuna, ya shigo da yamma a gajiye ya gaishe shi ya fita. Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba. Da ladabi nake yi masa komai, kuma a ladabin nan muguntar take. In ya ɗaga ido sama ya yi gurnani, sai in ce, Baba ka yi haƙuri, ai kai ka koya mini, ulu ba ya son ruwa da damina. In faɗa da taushin murya ina gyara masa matashi. Ina jin daɗin faɗinsa, daɗi sosai, irin na mai susar ƙaiƙayi.

Bore ya lafa, aka buɗe hanyoyi, likita ya zo ya duba shi ya ce sai dai a ci gaba da kula. Leda kuwa ta fara aikinta. Zafi da gumi suka taru a ƙarƙashinsa, fatar kwankwaso ta yi ja, ta sale, ta zama gyambo. Na san dalili, wadda aka koya wa cewa leda na ruɓar da ulu ba za ta rasa sanin abin da take yi wa fatar mutum ba. Na riƙa wanke gyambon da ruwan gishiri ina sa magani. Yaya da ya gani hankalinsa ya tashi, ya kawo shawara a sauko da dardumar a shimfiɗa, a ɗora ledar a kai, ko ba komai tsoho ya ji tana ƙarƙashinsa. Na ce ya tambayi Baba da kansa ko ana haɗa leda da ulu. Ya juya ya tambaye shi kuwa. Baba ya rufe ido, hawaye ya bi ta gefen da ya shanye. Yaya ya ce to shi ke nan, tunda shi ma bai yarda ba.

A wata na biyu harshensa ya ɗan saki, kalma ɗaya ɗaya, ba ya iya haɗa biyu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, ke yake cewa, ko yarinyar nan. Yanzu sai ya koma ce mini Uwata. Ya ce Uwata, ya huta, ya nuna sama da haɓa. Da a ce tun ina yarinya ya kira ni haka ko sau ɗaya, wataƙila da ta yi tasiri.

Ƙanwar Mama, wadda muke kira Inna, ta zo daga Miskine da ƙullin garin rogo da ganye. Ita ce ta fi kowa tsanar Baba a duniya, shekaru ba ta shiga falon nan ba saboda abin da ake yi wa yayarta a ciki. Ta gaishe shi, ta dubi ledar, ta dubi sama, ta daɗe tana kallo. Ba ta san komai a kan ulu ba, amma ta san ni. Ta ja ni madafa ta tambaye ni da Sango, “Mawa ti lo asara mo ape?” wato ko tausayinsa ba ya kama ni. Na fara jero mata damina da famfo, ta ɗaga mini hannu.

“'Yata, yayata ta yafe masa kafin ta mutu. A kunnena ta faɗa.”

“Ita ta yafe, Inna. Ni ba a tambaye ni ba.”

Ta ce wanda ya riƙe garwashi don ya jefi wani, hannunsa ne ke fara ƙonewa. Na ce mata hannuna ya saba da murhu. Ta ɗauki kwandonta ta tafi ba ta ci abincin da na zuba mata ba, ba ta kuma gaya wa Yaya komai ba, don a ganinta maganar ta mata ce.

Duk da haka darduma tana bukatar iska, ko mai ita yana mutuwa. Wata safiya a wata na uku gari ya washe, rana ta fito fes. Na hau kujera na sauko da ita, na shimfiɗa tabarmi a tsakar gida na baza ta a kai, don a ƙasa ba mai hango ta daga waje. Na jawo Baba da ledarsa zuwa bakin ƙofa ya sha hantsi, kamar yadda likita ya ce. Tsakaninsa da ita bai fi taku huɗu ba. Na shiga madafa na dama kunu.

Da na fito ba ya kan ledar. Ya sauka daga dokin ƙofa, ya ja jikinsa da gwiwar hannun hagu a kan jar ƙasar nan mai damshi, zanen ya zame ya bar shi rabi tsirara, gyambon ya kwashi ƙasa. Mutumin da ba ya iya juya kansa a shimfiɗa. Ya kai, yatsunsa sun kama gezar, yana haki, yana ƙoƙarin ɗora kuncinsa a bakinta. Saura kamar tafin hannu.

Na ajiye kwanon kunun a hankali don kada ya zube. Na durƙusa kusa da shi. Ya dube ni ya ce Uwata. Na kama yatsunsa na ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya, ƙaramin ne ya fi gardama. Na ce, “Baba, ba a jan geza.” Sannan na ja tabarmar da dardumar gaba ɗaya na matsar da ita can gindin mangwaro, na dawo na ɗauke shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan a lokacin. Na wanke shi, na wanke gyambon, na ba shi kunun. Ya sha cokali uku ya kawar da kai.

A ranar na ji wani abu ya motsa mini a ƙirji, ba zan ɓoye ba. Na zauna a madafa ina kallon hannuna. Na ce a raina gobe zan shimfiɗa masa. Gobe ta yi aka tashi da ruwa, na ce to ai ga dalili. Haka na yi ta yi. Mugunta in ta daɗe tana zama aikin gida kamar shara, mutum ya tashi ya yi ta ba tare da ya sake yin niyya ba.

Sau ɗaya ya ƙara roƙo. Ranar Juma'a ce, ana jin kiran salla daga Masallacin Koudoukou, Yaya ya tafi. Ya tattara ƙarfinsa ya haɗa kalma biyu, abin da bai yi ba tun faɗuwarsa. Ya ce, “Yau kaɗai.” Na ce ya bari ruwa ya ɗauke, rani ya kusa, da kaina zan shimfiɗa masa. Ya yi mini kallon da ya tabbatar mini ya san lissafin da nake yi, ya kuma san na san ba zai kai rani ba. Daga ranar ya daina kallon sama. Ya riƙa tura kansa da hannun hagu har sai ya fuskanci bango, in na juya shi ya koma. Abinci ma ya rage, sai ruwa.

Ya cika wata Talata da la'asar, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ƙarar kwanon rufi ta hana a ji komai. Ina zaune kusa da shi ina tsince shinkafa. Na ɗaga kai na ga ya tafi, kuncinsa a kan leda, don zanen ya tattare. Na rufe masa ido, na gyara zanen, na aika a kira Yaya. Na yi kuka, kuma na gaske ne, wannan shi ne abin da har yau ban gane ba.

Ranar sadakar uku gari ya yi kyau. Yaya ya ce manyan mutane za su zo, abokan Baba na kasuwa da limamai, bai kamata su zauna a tabarmar roba ba. Ban yi musu ba. Na sauko da ita, na kaɗe ganyen, na share, na taje gezar da yatsu, aka shimfiɗa a falo. Ta fito kamar ranar da aka sauke ta daga masaƙa, in ban da tsohuwar kusurwar nan. Ina bayan labule ina jin su. Wani tsohon Alhaji, abokin Baba tun zuwansu garin, ya shafa ta ya ce a wannan damina da wannan tashin hankali, a ce ko fumfuna ba ta taɓa ta ba, lallai marigayi ya bar 'ya. Ya ɗaga murya don in ji, ya ce Allah ya yi mini albarka yadda na riƙe uba da kayan uba. Falo duka ya ce amin. Ni ma na ce amin.

Yaya ne ke zagawa da butar shayi. Kofin tsohon Alhajin ya kuɓuce masa ya kife a tsakiyar dardumar, a kan farin ratsi. Duk wanda ke wurin kuwa ya san Baba da dardumarsa. Tsohon ya fara salati yana ba da haƙuri kamar zai yi kuka. Yaya ya leƙo bayan labule fuskarsa a firgice ya ce in zo.

Na ja mayafi na shiga da ƙyalle da ruwan tulu da kwalbar binegar. Ban yi tunani ba, bakina ne ya riga ni. Na ce, “Ba komai Baba Alhaji, kwantar da hankalinka, yanzu zai fita.” Mutane suka matsa, na danna, na sauya ƙyalle, na zuba, na danna. Hannu ya san aikinsa. Kafin a gama zuba wa na ƙarshe shayi, wurin ya koma fari, saura ɗan damshi. Aka yi ta mamaki ana yaba mini, na tattara kayana na fita.

Yaya ya biyo ni madafa, butar tana hannunsa. Ya tsaya a bakin ƙofa, ina matse ƙyallen a baho.

“Dama haka yake fita?”

Na ce haka yake fita.

“Na Baba fa? Da shi ma zai fita?”

Zan iya cewa shayi daban, fitsari daban, kuma da ya yarda, don duk abin da na faɗa masa a kan dardumar nan yarda yake yi. Amma na gaji. Na ce, “Ya fita ai, Yaya. Tun ranar, kafin azahar.”

Ya dubi hannunsa na dama, wanda ya ɗaure igiyar a jikin katako da shi. Daga falo wani ya ɗaga murya yana tambaya ko akwai sauran shayi. Yaya ya ajiye butar a ƙasa kusa da ƙafata, ya bi ta ƙofar baya ya fita ba takalmi. Ni na ɗauka na miƙa musu ta bayan labule.